Ɗan Fari Ba Ya Shiga Lissafi

Wahala ce babba ƙaninka ya fi ka. Wadda ta fi ta kuma, ya mutu ya bar ka kana karɓar yabonsa. Shekara bakwai ke nan da rasuwar Haliru, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, amma har yau in na shiga taron suna ko jana'iza a Faskari ko Ƙanƙara, sai wani ya kama hannuna ya ce, "Allah ya jiƙan Malam Haliru, ai an yi mutum." Ni kuma in ce amin. Na faɗi amin ɗin nan har bakina ya gaji. Ba wanda ya taɓa tambaya ta abin da ke cikina, shi ya sa na zauna na rubuta da kaina, da ɗan karatun yaƙi da jahilci da na tsinta bayan gemu ya fito. Wanda ya ga magana ta karkace ya yi haƙuri, hannun fartanya ne ya riƙe alƙalami.

Ga wanda bai san shi ba, aikin Haliru shi ne auna talaucin yara. Ranar da ya fara gaya mani dariya na yi, na ce yunwa ai ba buhu ba ce da za a ɗora ta bisa sikeli. Yana bin ƙauyuka ne, shi da wasu mata ma'aikata masu shiga cikin gida, suna tambayar wane yaro ke zuwa makaranta, wa ke kwana cikin gidan sauro, wa aka kai asibiti da zazzaɓi ya kama shi, wa aka jiƙa wa saiwa aka bar wa Allah. Su auna damtsen yara da wani ɗan zare mai launi. In ya tara abin da ya tara, sai ya tafi Katsina ya zauna da masu yanke shawarar inda za a gina aji da inda za a kai abinci da magani, ya nuna masu inda ƙaiƙayin yake don kada su sosa wani wuri. A wannan aiki ya yi suna. Yadda ya yi sunan kuma, a nan nawa bakin yake.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, a wani ƙauye bayan Daudawa. Duk Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi. Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. "Kai" nake a bakinta, ko "wancan". Danginta mutanen wajen Ƙetare ne, kakanta Bamaguje ne, kuma a wurinsu kunyar ɗan fari ta fi ta kowa ƙarfi. Ba ƙiyayya ba ce, na sani. Takan ajiye mani ƙanzo bayan randa ba tare da ta dube ni ba, in na ɗauka ta yi kamar kaza ce ta ci. Baba ma haka. A gaban mutane ba ya nuna ya san ni.

Al'adar kuma ba ta yar da ɗan fari a bola ba, gaskiya ɗaya ce. An ba shi kaka, an ba shi goggo da baffa, su ne bakinsa. Abin da uba ke jin nauyin nema wa ɗansa na fari, kaka za ta nema mashi ko da tsiya-tsiya. Ni dai tawa kakar ta rasu a shekarar da aka buɗe firamare kusa da mu, baffana kuma ya tafi cin rani. Hedimasta ya zo ƙofar gidanmu tare da ɗan aiken mai unguwa, ya tambayi Baba yaran da suka isa shiga aji. Ina tsaye kusa, riƙe da igiyar jaki. Baba ya ce, "Akwai Haliru." Ya yi shiru. Hedimasta baƙo ne, ya ɗauka ni ɗan maƙwabta ne, ya rubuta suna ɗaya ya yi gaba. Ba a yi faɗa ba, ba a yi shawara ba, ba wanda ya zauna ya ce wannan ya fi wannan kai. Suna ɗaya ne ba a faɗa ba. Shi ya bi alli, ni na bi shanun noma.

Daga nan audugar da na tsinta ita ta ɗinka mashi rigar makaranta. Masarar da na noma a gandun Baba ita ta bi shi makarantar kwana, ta bi shi har jami'a a Zariya. Gandun ne ma ya hana ni aure da wuri, sai da sa'o'ina suka tara yara. Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ni na riga Haliru barci, shi ya riga ni tashi, kuma ban ga wanda zan kai wa ƙara ba.

Da ya dawo ya kama aiki, ni ke goya shi bisa babur in zai shiga ƙauyukan da mota ba ta zuwa, daga Mairuwa har cikin ƙasar Sabuwa. Babur ɗin ma shi ya saya mani, kuma wannan bai rage mani komi ba sai ƙari. Alherin ƙani ɗaci gare shi, wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane ba.

A wani ƙauye na Sabuwa na fara ganin abin da ya ɗaga shi. Ma'aikata suka fito daga wani gida suka ce matar gidan yaranta uku. Haliru ya hango wata yarinya ta ɓular danga tana daka, turmi ya kusa kai mata ƙirji. Ya ce su koma, kada su sake tambayar uwar, su durƙusa gaban ƙaramin yaron gidan su ce, "Wa ke goya ka? Wa ke yi maka wanka?" Suka koma. Yaro ya miƙa yatsa wajen mai daka. Uwar ta ja gyale ta rufe fuska tana dariya, ta ce ita dai ba da bakinta ba. Ashe duk waɗanda suka riga shi zuwa suna ƙirga yara a ƙasarmu, baƙi ne ko 'yan birni da suka manta, suna tsallake na fari a gida bayan gida ba su sani ba. Haliru ya koya wa duk masu aiki ƙarƙashinsa wannan tambaya. Yakan ce yaron da bai shiga lissafi ba, ba shi da benci a aji, ba shi da gidan sauro, ba shi da cokali ko ɗaya a abincin da za a raba. Yakan ce a gida ɗaya, a kwano ɗaya, ana samun mawadaci da matalauci.

Maganar gaskiya ce. Amma a wace makaranta ya koye ta? A jikina ya koye ta.

Wata rana na raka shi wani taro a Katsina. Na zauna can baya kusa da ƙofa, da ƙurar hanya a rigata, ina jiran a gama. Manya sun cika gaba, hula sai ƙyalli. Kawai sai na ji ya ce, "Ga yayana Garba can. Ya fi ni kai nesa ba kusa ba, shi ya koya mani ƙirga da tsakuwa kafin in ga allo. Abin da ya raba ni da shi, babanmu ya ji kunyar faɗin sunansa." Duk ɗakin ya juyo. Wata Hajiya har da share hawaye. Sai aka ɗauki tafi. Ba ni aka tafa wa ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

A hanyar dawowa ya matso bakinsa kusa da kunnena saboda iska, ya ce, "Yaya, ka yi fushi?"

Na ce, "Riƙe da kyau, akwai ramuka."

Sai da muka yi nisa na ce, "Ka ci masarata ban yi magana ba. Yanzu kuma labarina kake ci."

Ya ce, "Yaya, da labarin nan naka ake buɗe wa yaran mutane ƙofa."

Na ce, "To ni wa ya buɗe mani?"

Daga ranar bai sake nuna ni a taro ba. Labarin dai bai daina ba da shi ba, na sani, don har yau ina gamuwa da mutanen da ban taɓa gani ba su ce, "Au, kai ne mai igiyar jaki?" An ce kishi kumallon mata. Wanda ya ƙago wannan magana ba shi da ƙani mai digiri.

Ciwonsa bai daɗe ba. Ni na shiga kabari na karɓe shi, kuma na yi kukan da ban yi ba a mutuwar Baba, don ɗan'uwa rabin jiki ne ko kana jin haushinsa. Amma ko a zaman makoki, da na ga motoci sun toshe unguwa har ana neman wurin ajiyewa, na tsinci kaina ina tunanin in ni ne na mutu, tabarma biyu za ta ishi masu gaisuwa har a samu wurin miƙe ƙafa.

Haliru bai ga ranar da muka bar ƙauye ba. Bai ga lokacin da 'yan bindiga suka mayar da zuwa gona kamar zuwa yaƙi ba, har muka bar rumbuna da kaburburan iyaye muka kwaso tukwane muka dawo Ƙanƙara. Yanzu ɗaki biyu nake haya, ina facin taya a bakin ƙofa. Nakan tambayi kaina mi zai ce da ya ga yau. Ina jin abin da zai fara gani shi ne manyan gidajen nan na gandu sun watse. Kaka ta mutu a hanya ko tana wani gari, goggo na Funtuwa, baffa ya shige Kano. An ɗauko kunyar daga ƙauye an kawo ta ɗakin haya, amma an baro masu yi wa ɗan fari magana. Da yana nan da ya hango wannan kafin kowa, da ya je ya faɗa, da an sake tafa mashi. Ni ba hange na yi ba. A ɗakina abin yake.

Babbar ɗiyata sunanta Zulai. Rubutawa ba faɗa ba ce, shi ya sa hannuna ya iya. Tun da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, kamar yadda aka saba. Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba, ita ce ke kiran na ɗiyata tun safe har yamma, kamar tana biyan wani abu. Ita ta kai ta firamare da hannunta, ita ke zuwa yi wa malami faɗa in an doke ta. Yarinyar ta kai aji huɗu muka gudu. Shekarar da ta biyo baya Inna ta rasu, Zulai ta dawo hannun mutum biyu da ba sa iya duban idonta: ni da mai ɗakina. "Ke" muke ce mata, ko mu ce wa ƙananan, "Ku kira yayarku." Ita ke goyon jariri, ita ke ɗebo ruwa a famfon unguwa, ita ke kai awarar da uwarta ke soyawa bakin tasha.

Farkon zangon karatun nan wasu 'yan mata ma'aikata suka zo unguwarmu suna rubuta yaran waɗanda suka yi gudun hijira, za a sa su makaranta, har da abincin rana. Suka tambayi mai ɗakina. Ta ce, "Sada da Nana, sai na goye." Zulai na tsaye gefe da jaririn a bayanta. Ni ina bakin ƙofa da taya a hannu, ina jin komi. Suka rubuta biyu, suka yi sallama. Ba wadda ta durƙusa gaban Nana ta tambaye ta wa ke yi mata wanka.

Ban yi magana ba. Rabin dalilin kunya ce, irin ta Baba. Ɗaya rabin kuwa, wani sanyi ne ya ratsa ni mai kama da daɗi. Na ce a raina, ashe aikin naka ma ya bi ka kabari, Malam Haliru. Ga yaranka nan sun manta. Na ci gaba da faci, Sada da Nana suka fara zuwa aji.

Duk shekara in watan rasuwarsa ya zagayo, matarsa Hajiya Rabi takan zo daga Katsina ta gaishe mu, ta kawo waina a raba sadaka. Bana ta iso da hantsi, ta tarar da Zulai ta dawo daga famfo, jarka a ka, goyo a baya. Bayan azahar ƙananan suka shigo da kayan makaranta. Ta jawo kujera kusa da inda nake aiki.

Ta ce, "Yaya Garba, wannan fa? Ƙannenta na aji, ita tana goyo?"

Na ce ba a rubuta ta ba.

Ta ce, "Wa ya kamata ya sa a rubuta ta?"

Na duƙa ina neman hudar da ke jikin taya.

Ta ce, "To ba ni ita. In tafi da ita gobe ta zauna da nawa yaran, in sa ta makaranta can. Da Malam na nan abin da zai yi ke nan."

Magana ce ta hankali, kuma haka al'ada ta ce, matar baffa ai uwa ce. Mai ɗakina har ta miƙe za ta ɗaure mata kaya. Na ce a'a. Hajiya Rabi ba ta da laifi ko ɗaya, mutuniyar kirki ce. Amma na hango yadda za ta kaya. Yarinya ta yi karatu, ta zama wani abu, a ce ai gidan Malam Haliru ne ya riƙe ta, Allah ya jiƙansa, ko bayan ransa alherinsa bai yanke ba. Ni kuma in ce amin. Ya ci masara, ya ci labari, yanzu daga kabari zai ci ɗiya.

Hajiya ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "Ka hana ni, na ji. Kai za ka kai ta? Na tambaya a hanya, an ce ƙarshen satin nan za a rufe ɗauka. In ta wuce bana, ta yi girman da ba za ta yarda ta zauna cikin ƙananan yara ba, ka fi ni sani." Ta gyara mayafi ta miƙe. "Baba ma ai ba mugu ba ne, Yaya. Shiru kawai ya yi. Zan kwana gidan yayata, in biyo da safe kafin in kama hanya. In na tarar da ita da goyo, ba zan sake tambayarka ba, mota zan sa ta."

Bayan ta tafi na ajiye aiki na zauna ina auna mi ya rage na Haliru a duniya. Takardun da ya tara, ban san ofishin da suke ba, wataƙila gara na karatunsu. Wani aji da aka gina wajen Mairuwa saboda maganarsa, an ce awaki ke kwana ciki tun da mutanen suka watse. Tambayarsa kuma na gani da idona an manta ta. Masu kama hannuna suna yabonsa, da yawansu ba za su iya gaya maka abu ɗaya da ya faɗa ba. In haka ne, wurin da aikinsa ya rage da rai bai wuce cikin kan mutumin da ya fi kowa jin haushinsa ba. Ni ne ba zan iya ganin yarinya da goyo a lokacin makaranta ba tare da na ji muryarsa ba, kuma ban gode mashi da wannan ba.

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce kishin ya tafi ba. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce, to ni na kusa shekara arba'in ina zuba wa gonar Haliru taki, tawa na bushewa. Har gobe in na ga 'ya'yansa da Turanci a baki sai kishin ya motsa. Sai dai na ga in kishin nan jaki ne, gara in ɗora mashi kaya da ya yi ta cin harawata a banza. In ba na son a ce gidan Haliru ne ya yi, hanya ɗaya ce ta rage, kuma ba ta da daɗi.

Washegari bayan na dawo masallaci na ce wa mai ɗakina ta karɓi jaririnta. Na juya wajen yarinyar na ce, "Ke, sa hijabinki." Na shige gaba, tana bin bayana. A wurin mai shayi sai Malam Tanimu, mutumin ƙauyenmu da muka gudo tare, ya ɗaga kofi ya ce, "Garba, ina za ka da 'yar fari a bainar jama'a haka? Ko kunyar ma an baro ta ƙauye?" Na ce an baro ta cikin rumbu, in ya koma ya ɗebo mani. Aka yi dariya, muka wuce.

Hedimasta na zaune a barandar ofis da malamai uku. Na yi bayani a tsaye. Ya ce gaskiya aji ya cika, ba su jira ƙarshen sati ba, sun rufe tun jiya. Sai ya ƙura mani ido ya ce, "Tsaya. Kai ba yayan Malam Haliru ba ne?"

Na ce, "Shi ne dai ƙanena."

Ya yi murmushi, ya ce Allah ya jiƙansa, ya sa aka ɗauko littafin. Na ce amin, na haɗiye. Ya buɗe, ya ɗaga alƙalami, ni ya duba ba ita ba. Ya ce, "Sunanta? Kuma mi take a wurinka?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Zulaihatu Garba. Ɗiyata ce, ta fari." Sunan ya fito da nauyi kamar na ɗaga dutsen niƙa. Yarinyar ta ɗago kai ta dube ni, ta yi sauri ta mayar ƙasa.

Na tsaya har aka shige da ita aji, sannan na dawo gida. Randa ba ruwa, mai ɗebowa na makaranta. Na ɗauki jarka biyu na tafi famfo na shiga layi bayan wasu yara da ba su kai mani ƙugu ba. A nan motar Hajiya Rabi ta same ni. Ta sauke gilashi, ta dubi jarkokin, ta ce, "Ina kwana, Yaya." Na ce lafiya lau, ta gaida yara, ta sauka lafiya. Layi ya zo kaina, na kama famfo na fara bugawa.